Yadda na nemi madubin hangen nesa mai awon tazara da jika 200

Zabon daji tsuntsu ne mai taurin rai. In ka halbe shi daga nesa, gashi ne zai tashi, shi kuwa ya yi gaba da ƙwayar dalma a jiki, ya kutsa cikin sabara, ku yi ta bin sawu har rana ta take ba ku gan shi ba. Harsashi ya tafi a banza, an cuci tsuntsu, kuma ko gobe yaro ya tsinto shi, malamanmu na Malikiyya suna ƙyamar cin abin farautar da ya ɓace maka har ya kwana. Abin da ya riƙa samuna ke nan tun da ido ya fara neman tabarau. Hannu yana nan yadda yake, bindiga ma ita ce dai ta da, kalibar 12 mai baki ɗaya. Kimanta tazara ce ta gagara. Bayan kaka, in an kwashe hatsi an sare kara, gonakin gabas da Maradi, wajen Cadawa, sai su zama fili fetal, babu tudu babu kwari, babu abin da ido zai dafa ya ce daga nan zuwa can taku kaza ne.

Wani abokina mai aikin awon filaye ne ya fara yi mini zancen madubin hangen nesa da ake haɗawa da leza a ciki. Kana kallo ka danna maɓalli, lamba ta fito a cikin gilashin, mita kaza. Ya ce abin yana cilla wani haske ne da ido ba ya gani, hasken ya daki abin da ka saita ya dawo, na'urar ta ƙirga lokacin da ya ɗauka. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, don haka zuwa mita 150 da dawowa kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa. Ya ce in riƙe abu ɗaya, wanda mai sayarwa ba zai gaya mini ba: na'urar ba ta san komai ba sai abin da ya dawo mata. Duk abin da zai shanye hasken ko ya watsa shi, ƙura ce, baƙin gashi ne, fuskar ruwa ce, to ya rage mata ƙarfi.

Da na kai wa kawuna zancen, tsohon mahalbi ne da ya ajiye bindiga, bai tambaye ni kuɗin abin ba. Cewa ya yi, "Kafin ka sayi ido na uku, je ka ga 'yan gandun daji." Na ce, "Kawu, ai takarduna suna nan, kun sani." Ya ce, "Na sani. Je ka dai." Gaskiyarsa. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998: sai da takardar izini, sai cikin lokacin da aka buɗe, kuma akwai dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan. Gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa daga yankin Kure a 2018, wurin kallo ne, ba a shiga da bindiga. Dajin Baban Rafi kuwa mun daɗe da haƙura da shi saboda 'yan bindiga. A irin wannan zamani, mutum a kan babur da bindiga a kafaɗa da madubin hangen nesa a wuya zai sha tambaya a kowane shinge, kuma ba laifin masu tambayar ba ne. Na je na sabunta takarduna, na gaya musu abin da nake shirin saye. Daga nan na yanke shawara biyu: ba na sayen abin da ba za a rubuta mini rasit a kansa ba, kuma ba na sayen mai launin kakin soja, ko da kyauta ne.

Kafin in taka kasuwa sai da na auna bindigar kanta, don ita ce za ta faɗi irin madubin da nake bukata. Abokina ya ba ni aron tef ɗinsa na mita 50. Muka samu fili nesa da gari, muka kafa manyan kwalaye, na zana girman zabo a tsakiyar kowane, na halba daga mita 30, 40 da 50. A mita 30 zanen ya sha dalma. A mita 40 akwai abin da zai kayar da tsuntsu, amma an fara ganin giɓi. A mita 50 giɓin ya kai yadda zabo zai tsaya a ciki ya tsira da ƙwaya ɗaya a cinya. Iyakata ke nan, mita 40. Duk wanda ke da bindigar ƙwaya ya kamata ya yi wannan gwajin sau ɗaya a rayuwarsa, harsashi kaɗan zai ci, kuma zai kashe gardama da yawa a majalisa. Abin da nake nema ya fito fili: abin da zai bambance mini mita 35 da mita 50 ba tare da ƙarya ba, da gilashin da zai nuna mini garken zabi tun suna nesa, da sanyin safiya, kafin su gan ni.

Sai batun kuɗi. Na Jamus da Ostiriya, irin su Leica Geovid da Zeiss da Swarovski EL Range, suna kaiwa yuro 3000 ko sama. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato kusan miliyan biyu ke nan. Matsakaita, irin su Vortex Fury da Bushnell Fusion da Nikon LaserForce, suna wajen dalar Amurka 1000, jika 600 ko kusa (jika ɗaya sefa 1000 ce), kafin kuɗin kawowa da na duwan, wato kwastan. Ni kuwa jika 200 na ware daga kuɗin ayar da na sayar, ba ni da niyyar ƙara ko dala. Kuma rabin abin da ake biya a waɗancan manyan, aikin da ba namu ba ne: lissafin faɗuwar harsashin bindiga mai cin dogon zango, haɗawa da waya, gyaran awo ga mai halbi daga kan dutse zuwa kwari. Wane dutse a Maradi?

Na fara da babbar kasuwa. Madubai suna nan birjik a teburan masu agogo da tocila, an rubuta musu 60x60, wasu ma 80x120, gilashin gaba ja wur, yaro yana rantsuwa har cikin dare ana gani da su. Babu mai leza a cikinsu, kuma lambobin ado ne kawai. Gwajin ba wuya: ka kalli katangar bulo da ido ɗaya ta cikin madubin, ɗaya idon a buɗe a waje, ka ƙirga bulo nawa na ido tsirara suka shige cikin bulo ɗaya na madubi. Wanda aka rubuta wa 60 ko takwas bai cika ba. Da ma a ce ya cika, babu hannun da zai riƙe ninki 60 ba rawa. Jan fentin nan kuma haske yake korewa, duniya ta koma shuɗi-shuɗi.

Lambobin gaskiya biyu ne ake yawan samu a madubin farauta, 8x42 da 10x42. Ta farko ninki ce: da takwas, abin da ke mita 80 za ka gan shi kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. In ka raba ta biyu da ta farko, ka samu faɗin hasken da ke shiga idonka, 5.25 a mai takwas, 4.2 a mai goma. Da rana tsaka duk ɗaya ne, amma tsakanin asuba da fitowar rana, lokacin da zabi ke saukowa daga bisa itace, mai takwas ya fi haske da sauƙin ɗorawa a ido. Ya kuma fi faɗin gani, galibi wajen mita 130 a nisan mita 1000, mai goma kuwa wajen 110, kuma bai cika nuna rawar hannu ba bayan mutum ya sha tafiya cikin yashi. Matsalar ita ce yawancin masu leza da ake samu da araha 10x42 ne, don babbar lamba ta fi shiga ran mai saye.

Ta hannun ƙanen matata, wanda ke zuwa Dubai saro kaya, na samu labarin wani Alhaji mai shagon kayan lantarki da ya taɓa shigo da masu leza guda biyu, ɗaya ya rage. Ba shi da sunan kamfanin da na taɓa ji. A kwali an rubuta 10x42, mita 1500. Ya sa shi jika 180.

"Alhaji, ku ba ni shi in gwada a daji, in ya yi in cika muku."

"Malam, kayan leza ba a ba da aro. Ga titi nan, auna abin da kake so."

"A titi komai ƙarfe ne da fenti, Alhaji. Ni gashin tsuntsu zan auna."

Ya yi dariya, ya ce in ajiye rabin kuɗi, in kuma ya dawo da ƙwarzane to na saya ke nan. Muka rubuta a takarda, yaron shagonsa ya shaida.

Lezar ba ta ba ni kunya ba, wannan sai in faɗa. Abu na farko da na duba shi ne harafin da ke gefen lamba, M ko Y, don wasu suna zuwa a saite kan yadi, kuma yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Na mayar da shi mita, muka shimfiɗa tef, na auna kwali a mita 20, 30, 40, 50. Bai taɓa kaucewa fiye da mita ɗaya ba. Daga nan muka nemi mita 1500 ɗin da ke jikin kwali. A kan rufin kwano da tankin ruwa ya wuce 1000 ba gardama. A kan itacen gawo ya tsaya wajen rabin haka. A kan jar akuya, irin tamu ta Maradi, da ƙyar ya ba da lamba bayan mita 300. Baƙar kaza kuwa, da ta wuce mita ɗari da wani abu, sai lambar ta riƙa tsalle, don ƙasar da ke bayanta yake aunawa. Abokina ya ce hasken yana buɗewa ne in ya yi nisa, kamar hasken tocila a jikin katanga, har ya fi tsuntsun faɗi. Ran da hazo ya sauko kuma, duk waɗannan lambobin suka ragu ƙwarai, wani lokaci sai layuka kawai ya nuna. Babbar lambar kwali ta farin bango ce a ranar da sama ta washe. Ban riƙe shi da wannan ba, tunda mita 40 nake nema.

Akwai wani saiti da ya kamata mai farauta cikin gona ya sani. Wasu na'urorin suna ba da lambar abin da haske ya fara daka, wasu na abin da ke can baya, masu kyau suna barinka ka zaɓa. In zabo yana bayan sauran karan gero ko rassan kalgo, mai ba da na farko kara zai auna maka, ya ce 22 alhali tsuntsun yana 45. Wannan na Alhaji yana da duka biyun, amma sai ka danna sau da yawa kana karanta 'yan alamomi ƙanana, abin da ba ya yiwuwa tsuntsu yana kallonka.

Inda ya faɗi shi ne wajen gilashi. Da asuba na fita da shi bayan gari. Ɓangaren da lambar take ya fi ɗayan duhu, da ɗan rawaya-rawaya, saboda allon rubutun yana tare wani kaso na haske. Lambar kanta baƙa ce, in ka saita kan duhun kurmi sai ta ɓace, sai ka ɗaga zuwa sama ka karanta. Masu tsada jar lamba mai haske suke sawa, kuma yana cikin abin da ake biya. Na yi masa gwajin waya: ka kalli wayar lantarki da ta gitta, ka janye madubin a hankali daga fuska kana ci gaba da kallo. In ɓangarorin biyu suna kan layi, wayar za ta zauna ɗaya. A wannan ta rabu, gefe ɗaya ya ɗan fi tsawo. Ido yana iya haɗa su da ƙarfi, amma bayan ɗan lokaci sai ciwon kai. Da tabarau kuma ba na ganin da'irar gaba ɗaya ko na murɗe robar ido ƙasa, don mai tabarau yana bukatar madubin da ke ba da tazarar ido ta milimita 15 ko fiye. Ga nauyi, kusan kilo guda a wuya.

Batir ne ya ƙarasa zancen. CR2 yake ci, ɗan gajere mai volt 3. Na zaga shagunan masu hoto da masu agogo, wani ya miƙo mini CR2032, mai kamar kwabo, wani CR123A, wanda ya fi shi girma ba ya shiga. Wanda ya san shi ya ce sai an aiko daga Yamai ko Kano. Na zauna na yi lissafi. A jika 180 an cusa abu biyu cikin gida ɗaya, dole a rage wa ɗaya, kuma gilashi aka rage wa, alhali cikin awa uku na yawo lezar ba ta aikin minti biyu, sauran duk kallo ne. Kuma ran da ɗaya ya lalace, duka biyun sun tafi, babu mai buɗe irin wannan ya gyara a garin nan. Na mayar wa Alhaji kayansa lafiya lau. Ya juya shi, ya duba, ya ƙirgo mini kuɗina, ya ce, "Araha ba ta ado, Malam." Na ce, "Wallahi kun faɗi gaskiya, Alhaji, shi ya sa na dawo da shi."

Raba su na yi. Abokina ya san wani dattijo da ya yi ritaya, wanda a da yake cikin masu ƙirgar tsuntsayen ruwa a tafkin Madarunfa, yana da Nikon 8x42 maras leza da ya daina amfani da shi. Robar jikinsa ta koɗe, amma gilashi ba ƙwarzane. Na haska tocila ta gaba na leƙa, babu ƙura ko hunhuna a ciki. Na riƙe shi nesa da fuska, ɗigon hasken da ke cikin kowane ido zagayayye ne tas. Gwajin waya ya ci. Dattijon da kansa ya nuna mini yadda ake daidaita shi da idon mutum: ka rufe ɓangaren dama, ka murza na tsakiya har hagu ya fito sarai, sannan ka rufe hagu ka murza zoben da ke idon dama. Ya ce yawancin masu cewa madubi ba shi da kyau, wannan zoben ne ba su taɓa taɓawa ba. Muka daidaita a jika 110, ya rubuta mini takardar sayarwa da hannunsa.

Ma'aunin kuwa ɗan ƙarami na sa ƙanen matata ya sayo, mai ido ɗaya, ninki shida, irin wanda ake yi wa masu wasan golf. Sharuɗɗa uku na ba shi: ya zama ana cajinsa da wayar USB irin ta salula, yana nuna mita, kuma ba launin soja ba. Na ce ya riƙo shi a jakar hannu da rasit ɗinsa, kada ya sa cikin kaya, don a lokacin, bayan an rufe iyakar Benin a 2023, kayan jirgin ruwa sai sun zagayo ta Lome da Burkina Faso, wata da watanni. Ya tsaya mini jika 45. Na mayar da shi kan tef, ya yi daidai da na Alhaji a tsakanin mita 20 da 50. Abin da haske ya fara daka yake aunawa, tunda don auna tutar golf a fili aka ƙera shi, wannan kuma na san da shi kafin in saya. Sauran kuɗin na ba wani baduku ya ɗinka mini jakar ƙirji mai aljihu biyu da marufi, abin da ya rage ya tafi a harsashi.

Abu biyu a hannu akwai wahalarsa. In tsuntsu ya tashi ba zato, babu lokacin ajiye wannan a ɗauki wancan. Amma zabo ba a auna shi yana gudu, ko da madubin miliyan biyu ne. Yadda nake yi, in na hango garke da madubi na ga inda suka dosa, sai in zagaya in riga su, in zauna, in auna abubuwan da ba sa motsi: wancan kututturen 28, waccan magaryar 37, surin can 52. Sai in mayar da ma'aunin aljihu. Wanda ya shigo tsakanina da magarya nawa ne in Allah ya yarda, wanda ya tsaya wajen suri na bar shi. Da haka matsalar kara ma ta kau, tunda itace nake aunawa. Yaron da ke raka ni ya mayar da abin wasa, sai ya faɗi tasa lambar kafin in danna, kuma yanzu da wuya ya kauce da mita uku.

A bakin ruwa lezar ba ta jin magana, hasken zamewa yake ya wuce, don haka in kirinjijiya, agwagwar ruwan nan, nake jira, ciyawar gaɓa ko turken masunta nake aunawa. Ƙura kuma ba a goge ta da bakin riga, yashi ne, zai zane gilashi. Hurewa nake da 'yar robar hura iska, sannan in bi da ƙyalle mai laushi. Da bazara, in zafi ya haura digiri 40, ba na barin ma'aunin cikin akwatin babur, don batirin da ke cikinsa ba a cire shi, in ya kumbura shi ke nan. Rasit da takardar dattijo suna cikin leda ɗaya da takardar bindiga da ta izinin farauta, a aljihun gaba na jakar, inda hannu zai kai ba sai na buɗe komai ba in an tsayar da ni.